Gwanjon Mumbai da Sandar Ƙanwata

Ranar 13 ga watan Fabrairu na shekarar 2023 aka yi wani gwanjo a birnin Mumbai na ƙasar Indiya. Mu a nan, da an ce gwanjo sai hankalin mutum ya tafi ga tsofaffin riguna da takalman da wani ya sa ya gaji da su. To, a wannan gwanjon sunayen mata 'yan wasan kurket aka riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, wakilan ƙungiyoyi biyar suna zaune suna tayawa, wanda ya fi ba da tsoka a sallama masa. Kafin a tashi an sayi 'yan wasa 87. Wadda ta fi kowa tsada ita ce Smriti Mandhana 'yar Indiya, ƙungiyar Royal Challengers Bangalore ta ɗauke ta a kan rufi miliyan 34, wato sama da dala dubu 400, domin wasan da bai cika wata guda ba.

Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa ɗalibar Hausa, 'yar Benin ta Jihar Edo, da gwanjon Indiya? Abin da ya haɗa mu shi ne ƙanwata. Jiharmu tana cikin wuraren da wasan kurket ya kama ƙasa a makarantu, ita kuwa tun tana aji ɗaya na sakandare ta shiga, har aka san ta da iya bugu. Ni ban taɓa riƙe sandar ba. Amma rigimar da wasan nan ya jawo a gidanmu ita ta sa na bi kakar farko ta Gasar Firimiyar Kurket ta Mata, wadda ake kira WPL a taƙaice, tun daga farkonta har ƙarshe.

Da yake yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, bari in ɗan yi bayanin wasan tukuna. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mai bugu ta tsaya a gabansu da faffaɗar sanda tana kare su, mai jifa kuma ta jefo ƙwallo da nufin ta rushe su. Idan mai bugu ta doki ƙwallon, sai ita da abokiyarta su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya ce. In ƙwallon ya gangara ya fita iyakar fili maki 4 ke nan, in kuwa ta sama ya tsallake, maki 6. Ana fitar da mai bugu idan an rushe sandunanta, ko kuma an cafe ƙwallon da ta buga kafin ya taɓa ƙasa. A irin wasan da ake yi a wannan gasa, jifa 120 ake ba kowane ɓangare, sai a yi canji. Wanda ya fi tara maki shi ya ci, kuma cikin kamar awa uku an gama.

Hukumar kurket ta Indiya ce ta kafa gasar, shekara 15 bayan ta kafa irinta ta maza a 2008. Ƙungiyoyin ba na gwamnatin jiha ba ne irin yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafarmu. Hukumar ta sayar wa 'yan kasuwa izinin mallakar ƙungiyoyi biyar, kuɗin da ta tara ya kai rufi biliyan 46 da ɗoriya, sannan kamfanin Viacom18 ya biya rufi biliyan 9.51 don nuna wasannin na shekara biyar. Ƙungiyoyin su ne Mumbai Indians, da Delhi Capitals, da Royal Challengers Bangalore, da UP Warriorz, da Gujarat Giants. An ba kowace damar kashe rufi miliyan 120 wajen sayen 'yan wasa. An buga wasanni 22 daga ranar 4 zuwa 26 ga Maris, duka a filaye biyu, na Brabourne a Mumbai da na DY Patil a Navi Mumbai, kuma mata suna shiga kallo kyauta.

Lokacin da aka fara gasar ina gida, domin an rufe jami'o'i saboda zaɓen 2023. Lokaci ne kuma na ƙarancin takardun Naira, kowa yana cikin ƙunci. Babanmu tela ne, ɗinki ya yi ƙasa, waɗanda aka yi wa ma ba su da tsabar kuɗin biya. A cikin wannan hali ne ƙanwata ta nemi kuɗin mota da na takalmin wasa don zuwa atisaye. Baba bai yi faɗa ba. Ya ajiye almakashi ya ce da ita, da harshenmu na gida, "Yarinyata, ki faɗa mini mace ɗaya da wannan sanda take ciyarwa, ni kuma in saya miki takalmi." Ta yi shiru, don ba ta san ko ɗaya ba. Daga nan ya yanke cewa da ƙarshen zangon karatu za ta bar wasan.

Tambayar Baba ba ta mugunta ba ce. Mutum ne da ya yi shekara 30 a kan keken ɗinki, yana auna kowane abu da ko zai sa tukunya ta tafasa. Ni ma ban da amsa a ranar. Abin da nake da shi kawai wayar hannu ce. Wasannin dare na Indiya da ƙarfe 3 na rana suke kamawa a agogonmu, sai ni da ƙanwata mu zauna a bayan shago muna bin maki a intanet, in kuɗin data ya samu mu kalli gajerun hotunan bidiyo da daddare. Ita ke yi mini bayanin abin da ke faruwa, ni kuma ina rubuta sunaye da farashi a bayan littafina na Nahawun Hausa.

Abu na farko da kakar ta nuna mana shi ne, ba girin-girin ba, ta yi mai. Mandhana da aka saya da tsadar nan, aka kuma ba ta shugabancin ƙungiya, maki 149 kacal ta tara a wasanni takwas. Ƙungiyarta ta sha kashi sau biyar a jere tun daga farko, ta ƙare da nasara biyu tak. A ɗaya gefen kuwa akwai Saika Ishaque, wata mai jifa da hannun hagu daga unguwar Park Circus ta birnin Kolkata, marainiya tun tana ƙarama, wadda ba ta taɓa buga wa Indiya wasa ba. Mumbai Indians ta saye ta a kan rufi miliyan 1, wato mafi ƙarancin farashi. A wasan buɗe gasa ta fitar da 'yan Gujarat huɗu, maki 11 kawai aka ci a jifanta. Kafin a gama kakar ta fitar da mutum 15. A watan Disamba na shekarar ta sa rigar ƙasarta a karon farko.

Labarin Saika ya fi na kowa shiga ran ƙanwata, ni kuma shi ya fi ba ni tunani. Saika ba a watan Maris ta koyi jifa ba. Ta yi shekaru tana wasa a gasannin cikin gida ba wanda ya san da ita sai 'yan kaɗan. Abin da gasar ta ƙara mata shi ne fili cike da jama'a, da talabijin, da albashi, da zama ɗaki ɗaya da manyan 'yan wasan duniya. Ashe gwaninta tana iya zama a ɓoye shekara da shekaru in babu kasuwar da za a baje ta.

Sauran kakar ta cika da abin kallo. Harmanpreet Kaur, kyaftin ɗin Mumbai, ta buɗe gasar da maki 65 a jifa 30, ƙungiyarta ta lallasa Gujarat da ratar maki 143. Sophie Devine 'yar New Zealand ta ci 99 a jifa 36, saura maki ɗaya ta cika ɗari aka cafe ta. Issy Wong 'yar Ingila, tana da shekara 20, ta fitar da 'yan UP Warriorz uku da jifa uku a jere a wasan neman zuwa ƙarshe. A wasan ƙarshe, ranar 26 ga Maris a filin Brabourne, Delhi ta tara 131, Mumbai ta wuce ta saura jifa uku, Nat Sciver-Brunt ta ci 60 ba a fitar da ita ba. Meg Lanning ta Delhi ce ta fi kowa maki a kakar da 345, Hayley Matthews 'yar Barbados kuma aka zaɓa gwarzuwar gasa. Ita ma Mandhana ba a nan labarinta ya tsaya ba, don a kakar 2024 ita ta ɗaga kofin.

Akwai wata doka a gasar da ta shafe mu kai tsaye. Kowace ƙungiya tana iya sa baƙi huɗu a cikin 11 ɗinta, amma an yarda ta ƙara ta biyar in dai daga ƙananan ƙasashen kurket ta fito, wato waɗanda ba su da cikakkiyar kujera a hukumar kurket ta duniya. Nijeriya tana cikin wannan rukuni. A kakar 2023 mace ɗaya ce ta shiga ta wannan ƙofa, Tara Norris mai buga wa Amurka, wadda Delhi ta saya. A wasanta na farko ta fitar da 'yan Bangalore biyar, ita ce ta fara yin haka a tarihin gasar. Ranar ƙanwata ta yi ta tsalle tana cewa, "Yaya, kin gani? Akwai wurinmu!"

Na yi murna tare da ita, amma da na ƙara bincike sai na ga ƙofar ba ta kai faɗin da take zato ba. Tara Norris a Amurka aka haife ta, amma a Ingila ta goge, a can take buga wasa a gasannin ƙwararru, da filaye masu kyau da masu horarwa. Masu ƙungiyoyin nan 'yan kasuwa ne, ba sa taya abin da ba su gani ba. Yarinyar da ke atisaye a filin makaranta a Benin, wadda ba a taɓa nuna wasanta a talabijin ba, ta yaya sunanta zai kai teburin gwanjo a Mumbai? Su kansu matan Indiya ba dare ɗaya suka kai nan ba. Sai a 2006 hukumar ƙasarsu ta karɓi ragamar kurket ɗin mata, sai a Oktoban 2022 ta daidaita kuɗin wasa tsakanin maza da mata na tawagar ƙasa. Ostareliya ta riga su kafa gasar mata tun 2015. Gwanjon rufin gini ne, an daɗe da zuba harsashi a ƙasa.

Duk da haka na kai wa Baba littafina. Na karanta masa sunaye da farashi, na juya masa rufi zuwa Naira. Da ya ji kalmar gwanjo sai ya ɓata fuska, ya ce shi ba zai so a yi cinikin 'yarsa kamar akuya ba. Na ce, "Baba, ai aikinta ake saye na wata guda, kamar yadda ake biyan ka kuɗin ɗinki, ita kuma kuɗin hannunta yake shiga." Ya daɗe yana duban takardar. Sai ya ce, "To, waɗannan 'yan Indiya ne. Ina 'yan Nijeriya?" Nan ma gaskiyarsa. Amma ya rage murya, domin tambayarsa ta farko ta sami amsa: akwai matan da sanda take ciyarwa, har 87 a gasa guda. Ya ɗaga wa'adin da ya sa, ya ce ta ci gaba muddin sakamakon jarrabawarta bai faɗi ba.

Amsar tambayarsa ta biyu a hankali take zuwa. A watan Maris na 2024 tawagar matan Nijeriya ta ci lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra. Ranar 20 ga Janairun 2025 kuma, a gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 a Malesiya, 'yan matanmu suka doke New Zealand da maki 2, ƙasar da ta yi fiye da shekara ɗari tana wannan wasa. Baba da kansa ya kira ni a waya ya ba ni labari, wai a rediyo ya ji. A can Indiya kuwa, ranar 2 ga Nuwamban 2025, Harmanpreet ta jagoranci ƙasarta ta ci kofin duniya na mata a karon farko, a filin DY Patil ɗin nan da aka buɗe gasar WPL a cikinsa. Da yawa daga cikin 'yan wasanta a gasar suka saba da taron jama'a da zafin wasan ƙarshe.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, na san a cikinmu akwai waɗanda aka taɓa tambaya a gida, "Wannan Hausar da kike karantawa, ita za ki ci?" Shi ya sa ban ga laifin Baba ba, ban kuma ga wautar ƙanwata ba. Iyaye ba sa hana abin da suka ga yana da makoma. Abin da 'yan mata irin ƙanwata suke buƙata shi ne gasar cikin gida da za a riƙa bugawa kowace shekara, a nuna ta, a biya su ko da kaɗan ne, yadda mai neman 'yar wasa ta biyar zai sami abin da zai duba. Yanzu ta gama sakandare, tana jiran shiga jami'a. Da safe tana taya Baba sa maɓalli da guga a shago, ranar Talata da Alhamis da Asabar kuma ta ɗauki sandarta ta tafi fili. Har yau ba wanda ya taɓa biyan ta ko sisi saboda wasan, kuma Baba ya ce in ta cika shekara 20 za su sake zama a kan maganar.