Bayan JAMB akwai sauran ƙofofi

Yau ina so mu ɗan tattauna kan abin da ke sa yaranmu da yawa rasa gurbin karatu alhali sun ci jarrabawa.

Ni haifaffen Sabo ne a nan Ibadan, mahaifina ɗan kasuwar goro ne, kuma tun da na gama sakandare nake zaune a rumfarsa. Da yake ni ne na ɗan iya taɓa kwamfuta a gidanmu, duk shekara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta ni suke kawo wa takardunsu. Abin da na lura shi ne iyayenmu sun ɗauka da yaro ya rubuta JAMB shi ke nan, sai jiran suna. To ba haka abin yake ba.

An kafa hukumar JAMB a 1978 domin ɗalibi ya nemi jami'a ta ƙofa ɗaya. Amma a 2005 jami'o'i suka fara tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB. A 2016 ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta, a 2017 kuma aka maido da ita. Saboda haka kowace makaranta tana da shafinta na intanet, da fom ɗinta, da ranar buɗewa da rufewa, kuma babu wanda zai zo rumfa ya sanar da kai. Wanda bai leƙa shafin makarantar da ya zaɓa ba har aka rufe, makinsa na JAMB ba zai amfane shi a can ba komai yawansa.

Akwai kuma masu tsari nasu daban, irin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna da ta 'yan sanda da ke Wudil. Waɗannan sai ka zaɓe su a JAMB, sannan ka cike fom ɗinsu, ka rubuta jarrabawarsu, a auna lafiyarka da tsayinka, kuma suna da iyakar shekaru. Ƙanena yana son NDA tun yana ƙarami, shi ya sa na zauna na karanta sharuɗɗansu ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne matsalarmu ta 'yan kurmi take fitowa. Irin waɗannan fom suna tambayar jiha da ƙaramar hukumar asali, su nemi takardar indijin, domin ana raba gurabe ne jiha-jiha. Mu a nan aka haife mu, Yarabanci a bakinmu kamar ruwa, amma kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo. Dole Baba ya bar kasuwa kwana huɗu, ya ɗauki ƙanena suka tafi Arewa, suka bi ta hannun mai unguwa da dagaci kafin su isa sakatariya. Da farko wani ma'aikaci ya ce bai san su ba, sai da wani tsoho da ya san kakanmu ya tsaya musu. Da suka dawo Baba ya ce min, "Kai dai rubuta wa mutanenmu, kada wani ya bari sai an buɗe fom sannan ya tashi." Abin da nake yi ke nan.

Abu na biyu shi ne suna. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Yaro ɗaya za ka ga Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammed a katin ɗan ƙasa, saboda kowane magatakarda yadda ya ji yake rubutawa. Kwamfuta kuwa ba ta san uzuri ba. A daidaita tun yaro yana aji biyar na sakandare, domin gyara yana cin lokaci da kuɗi.

Na uku, kada a bar wa mai shagon intanet lambar sirri da imel. A sa lambar wayar da ke hannun yaro ko mahaifinsa. Tun 2017 JAMB ke tabbatar da gurbi ta tsarin da ake kira CAPS, kuma ko makaranta ta ba ka, sai ka shiga da kanka ka amsa.

Iyayenmu, ku yi haƙuri da mu, wannan ma fatauci ne, kuma wanda ya riga sanin ranar kasuwa shi ke samun kaya. Matasa da suka san hanya kuma, mu taimaki na bayanmu, musamman 'yan mata da ba sa samun fita shagon intanet. Takardar ƙanena dai ta kammala, muna jiran ranar jarrabawa, muna kuma neman addu'arku.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu dace.