Kasuwar Da Ke Ci A Bisa Ruwa A Isna

Tsakanin Luksor da Aswan, can kudancin ƙasar Masar, akwai tafiyar kilomita fiye da 200 a bisa Kogin Nilu. Mota kan cinye ta cikin 'yan sa'o'i, amma jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido sai ya kwana uku ko huɗu bai gama ta ba. Da gangan ake wannan jinkiri, don kuwa shi ne hajar da baƙo ya biya kuɗi ya saya. Tun 1869 wani Baturen Ingila mai suna Thomas Cook ya soma kai mutanensa wannan yawo cikin jirage masu aiki da tururi, har yau kuwa sana'ar ba ta mutu ba.

Kuɗin da mutum ya biya tun daga gida sun haɗa da ɗakin kwana da abinci sau uku a yini. Abin sha kuwa, galibi lissafinsa dabam ne, har da ruwan gora, wanda kuɗinsa cikin jirgi ya fi na bakin kasuwa nesa ba kusa ba. Saboda haka mai wayo kan yi guzurinsa kafin a ɗaga anga. Duk da haka akwai 'yan abubuwan daɗi da ba a cewa kawo kwabo. Da shigar baƙo ake tarbarsa da kofin wani jan abin sha mai sanyi da Misirawa ke kira karkade. Bature ya kurɓa ya yi ta santi, Bahaushe kuwa da ganinsa ya san zoborodo ne, ba ragi ba ƙari. Da la'asar a kawo shayi da biskit a benen sama, inda ake kallon dabino da gonakin rake suna wucewa. In mutum ya koma ɗaki, sai ya tarar mai gyaran gado ya naɗe tawul ya mai da shi kada, wani lokaci har da tabarau a hanci. Kyauta ce dai, amma mai ita yana sa ran a tuna da shi ranar sauka, sa'ad da ake ba da tukwici.

Akwai kuma ɗan kanti a cikin jirgin, mai sayar da zobba da sarƙoƙin azurfa, inda za a zana wa mutum sunansa da rubutun zamanin Fir'auna. Nan farashi a tsaye yake, ba shi da daɗin taɓawa. Abin da ke kai mutane wurin shi ne wata al'ada ta jiragen: cikin dararen tafiya akwai guda da ake kira daren jallabiya, inda ake so kowa ya fito cin abinci da tufafin ƙasar. To, mutumin da ya zo daga Jamus ko Faransa ina ya ga jallabiya? Mutanen Isna sun daɗe da sanin amsar.

Isna gari ne a yammacin kogi, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor. An gama gina masa madatsar ruwa a 1908, zamanin da Ingilishi ke riƙe da Masar, kana aka yi sabuwa cikin shekarun 1990. Jirgi ba ya wuce ta sai ya shiga wani ɗaki mai ƙofofin ƙarfe gaba da baya, a cika shi da ruwa ko a rage, gwargwadon inda aka nufa. Tilas jirage su sassauta, su yi layi, wani lokaci jiran ya kai sa'o'i. A nan kasuwa ke ci.

Ƙananan kwale-kwale ne ke fitowa daga gaɓa, kowanne da mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na talla. Su matso jikin jirgi, su ɗaura igiya, jirgi na ja suna biye. Mai talla ya miƙe tsaye, ya warware jallabiya ko mayafi ko shimfiɗar tebur, yana kira da Turanci da Faransanci da duk harshen da ya tsinta a bakin baƙi. Da wani ya leƙo, ko bai ce yana so ba, sai a cusa haja cikin leda a wurgo ta sama, hawa huɗu ko biyar, ta faɗo gabansa. Da wuya su yi kure, ko da yake akan sami wadda ta zarce cikin tafkin wanka. Daga nan sai ciniki, da ihu da yatsu. Na ƙasa ya faɗi kuɗi mai kauri, na sama ya taya da rabi ko abin da bai kai ba, na ƙasa ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa, a yi ta ja har a daidaita. Sai mai saye ya sa kuɗi cikin leda tare da wata hajar da bai ɗauka ba, don ta yi nauyi, ya jefa.

Abin lura a nan shi ne wanda ya ɗauki kasada. Haja ta riga kuɗi tafiya, ta shiga hannun mutumin da ba a san sunansa ba, wanda gobe yana wata duniya. In ya shige ɗakinsa da ita, ba mai bin sa. In ya jefo da sakaci ta faɗa kogi, asarar mai kwale-kwale ce. Ga shi kuma tsaye yake a kan ɗan katako mai rawa, jikin jirgin da ya fi shi girma sau ɗari. Kayan dai ba na a zo a gani ba ne, yawancinsu ɗinkin keke ne, jallabiyar ma ta dare guda ce. Amma baƙon da ya kafe kan rangwamen da bai kai kuɗin ruwan gorarsa ba, ya kuma koma yana alfahari, bai yi wata bajinta ba. Ko kuɗin da ya jefa ma, in tsabar Yuro ce, banki ba ya canza ta, sai mai ita ya yi ta roƙon wani baƙon ya musanya masa da takarda.

Kasuwar kuwa rataye take da labarin da ake ji a ƙasashen waje. A 2010 baƙi fiye da miliyan 14 suka shiga Masar. Bayan juyin juya halin 2011 suka ja baya, ya zuwa 2016 ba su kai miliyan 6 ba, jirage da yawa suka zauna ɗaure a Luksor, ba kowa ciki sai masu gadi. Sai a 2023 lissafin ya koma inda yake a da. Mai otal yana iya cin bashi ya jira, mai kwale-kwale kuwa abin da ya jefa sama yau shi ne cefanen gobe.

Da jirgi ya kusanci ƙofa sai ma'aikata su daka tsawa, a kwance igiyoyi. Ledoji su yi ta zubowa daga sama, masu tuƙi na cafewa, wasu na tsamowa daga ruwa. Ƙofar ƙarfe ta rufe a bayan jirgi, ruwa ya soma ɗaga shi zuwa hanyar Idfu da Kom Ombo, su kuwa kwale-kwalen sun riga sun juya sun nufi jirgin da ke biye.