Keken da Mai Facin Unguwarku Zai Iya Gyarawa



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama abin da ake warewa kafin a yi maganar cefane. Ni da nake fita kullum daga Kurna zuwa shagon buga takardu a Titin Zoo, na zauna na lissafa, sai na ga abin hawa kaɗai yana neman cinye albashina. Wannan ne ya kai ni ga keke.

Ɗaki ɗaya nake haya, kuma duk wanda ya bar keke a zaure ya san sauran zancen. A wurin aiki ma babu inda zan jingine shi hankalina ya kwanta. Shi ya sa na nemi mai naɗewa, wanda zan ninke in tura ƙarƙashin tebur, da dare kuma ya kwana a bayan ƙofa.

Da na shiga wurin 'yan gwanjo, ma'aunina guda ne: in ya lalace a hanya, mai facin bakin titi zai iya gyara shi?

Na fara da taya. Brompton, wanda ake ƙerawa a Landan, ya yi suna wajen naɗewa ya koma ɗan mitsitsi, amma ƙafarsa mai inci 16 ba irin ta keken yara ba ce. Tasa lamba 349 ce, ta yara 305, ɗaya ba ta shiga gargaren ɗaya. Ranar da ta fashe, sai dai ka yi ta cigiya. Na zaɓi mai inci 20, irin wadda yawancin kekunan Dahon suke da ita. Ita ma iri biyu ce, 406 da 451. Ka duba lambar a gefen tayar. Mai 406 ita ce daidai da ta keken yara, don haka taya da tif ba sa wuyar samu. Ka kuma nemi mai faɗi, domin ƙaramar ƙafa tana saurin nutsewa a yashin lungu.

Sai mahaɗar da keken yake ninkewa, wadda ita ce ransa. Ka kulle ta, ka riƙe birkin gaba, ka girgiza keken. In ka ji motsi, ko ka ga tsaga ko alamar walda a wurin, ajiye shi komai arharsa. Sarƙa da feda ana sauya su, amma mahaɗa in ta karye kana cikin gudu, da kai za a je asibiti.

Giya kuwa ban kwaɗaitu da yawanta ba. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, kuma a ƙaramin keke abin sauya giya yana rataye dab da ƙasa, yana kwasar ƙura. Nawa giya ɗaya ce, ta ishe ni. Birki ma na ɗauki mai roba, wanda ake samun canjinsa ko'ina. Na ƙara fitilar gaba da ta baya, saboda sau da yawa sai bayan magariba nake tashi.

Yana da nasa cikas. Ramin titi ya fi jijjiga ka a kansa, ba ya goyo, kuma ba ya ɗaukar buhu. Wasu abokai har yanzu suna tsokanata wai na ƙwace keken ƙanena. Ina dariya kawai, domin kuɗin da nake bai wa adaidaita yanzu su nake zubawa a adashi, da niyyar komawa makaranta in ɗora a kan difilomata.

Wanda yake da niyyar saye, ya fara zuwa wurin mai gyaran unguwarsu ya tambayi irin tayar da yake ajiyewa, sannan ya nufi kasuwa. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a abin da muke samu.