Robar Fitsari: Taimako Ce, Amma a Yi Hattara

Jama'a, a cikin aikinmu na jinya babu abin da na ga dattawanmu na zango suna jin kunyarsa kamar robar fitsari. Wannan kunyar kuwa ita ce take jawo mana asara.

Robar da aka fi sawa ana kiranta Foley, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta. Takan ceci rai idan fitsari ya tsaya, musamman ga tsofaffi maza masu kumburin firostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara. To amma fa hanya ce da ƙwayoyin cuta suke bi su shiga jiki. Kowace rana haɗarin ƙaruwa yake yi, kuma idan roba ta kai kwana 30 da wuya a rasa ƙwayoyin cuta a fitsarin. Daga nan suna iya hawa ƙoda, har su shiga jini.

Abu biyu ne suka fi tayar mini da hankali. Na farko, mai ciwo ya fizge robar da kansa. A bakinta na ciki akwai ɗan balan-balan da muke cikawa da ruwa don ya riƙe ta. In aka ja ba a zuƙe ruwan ba, sai hanyar fitsari ta yage, jini ya ɓalle. Na biyu, dattijo ya rage shan ruwa don kada jaka ta cika a gaban baƙi, ko don damuwa da tsarkin salla. Ƙarancin ruwa kan sa roba ta toshe. Addini ya yi sauƙi ga mai lalura, a tambayi malamai.

Ku masu jinya a gida, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa da bayan kun taɓa. Jaka ta kasance ƙasa da mara kullum, amma kada ta taɓa ƙasa, kuma kada robar ta lanƙwashe. Idan kun ga zazzaɓi, jini, ciwon mara, ruɗewa, ko fitsari ya daina zuba, a tafi asibiti a ranar.

Duk sanda kuka ga likita ku ce, "Likita, har yanzu Baba yana bukatar robar nan? Yaushe za a canja ta?" Tambayar ba rashin ladabi ba ce. Mu kanmu muna son a tuna mana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.