Yini Guda a Tsibirin Gore

Mutumin da ya tashi a ƙauyen arewacin Katsina, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne rijiyar gida da kududdufin bayan gari, in ka ce masa ya shiga jirgi ya ratsa teku don kallo kawai, to ka tono magana. Abin da ya faru tsakaninmu da Inna ke nan a birnin Dakar na ƙasar Sanagal, a hutun da ya wuce.

Asalin tafiyar ba ta shan iska ba ce. Ziyara muka kai Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyas, ni da Baba da Inna da ƙanwata, da kuma autanmu, yaro ɗan shekara takwas wanda bakinsa ba ya hutawa sai in barci ya sace shi. Da muka gama abin da ya kai mu muka komo Dakar, sai ya zamana da sauran yini guda kafin jirginmu na sama ya tashi. Ni kuwa da ma ina da ƙulli a zuci, gama tun muna shekarar farko a jami'a malaminmu na tarihi ya yi mana zancen tsibirin Gore. Bayan sallar asuba na kawo shawara. Baba ya ce to. Inna ta ce ita dai a bar ta a masauki ta yi tsaron kaya.

Kada mai karatu ya ga wautarta. A shekarar 2002 ta ji a rediyo labarin jirgin nan Jola da ya kife a hanyarsa ta zuwa Dakar, mutum fiye da 1,800 suka halaka, kuma tun daga ran nan in aka ce mata Sanagal sai ta tuna da ruwa. Baba ya yi ta lallashi, ya ce tafiyar ba ta wuce mil biyu ba, minti ashirin an isa, ga tsibirin ma ana hangensa daga gaɓa. Ta ce ai ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma wanda ya nutse a mil biyu da wanda ya nutse a mil ɗari duk sunansu ɗaya. Abin da ya karya mata gardama shi ne Auta. Da ta ga ya sa takalmi ya tsaya bakin ƙofa, sai ta yafa mayafi, ta ce ba ta yarda ta bar ɗanta a kan ruwa hannun maza biyu masu mantuwa ba.

A tashar jirgin fito muka tarar kuɗin tikiti hawa uku ne: na 'yan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa da sauran baƙi na nesa daban. Muka nuna fasfo aka sa mu a hawa na tsakiya. Jirgin da muka shiga babba ne mai bene, mutanen wurin suna ce masa shalub. Cikinsa kuwa kasuwa ce sosai. Ga Turawa da jar fata sun rataya abin ɗaukar hoto, ga 'yan makaranta da malamansu, ga mazauna tsibirin da buhunan shinkafa da tukwanen gas. Wata mace ta zauna kusa da ƙanwata, ta gaishe ta da Olof, ta sake da Faransanci, da ta ga ba a gane ba ta juya Ingilishi, ta faɗi sunanta har sau uku, ta ce kada a manta, tana da rumfar tsaraba a can. Daga baya muka gane kowane baƙo a jirgin an riga an yi masa irin wannan kamu tun kafin ya sauka. Na ce a raina, ashe 'yan kamashon tashar mota na garinmu ɗalibai ne.

Inna ta zaɓi kujerar tsakiya a ƙasa, nesa da taga, ta damƙe carbi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa yana wuyan rigar Auta. Ni na hau sama. Tekun ranar a kwance take, sai ɗan lilo kaɗan bayan mun fita daga tashar, Dakar tana ja da baya da dogayen benayenta, tsibirin kuma yana tasowa da gidaje ja da rawaya. Da muka kusa gaɓa sai ga yara tsirara sai gajeren wando suna iyo kewaye da jirgi, fasinjoji na jefa musu kwabbai suna nutsewa suna kamowa, su cusa a kumatu. Auta ya ƙwace ya leƙa, ya dawo ya ce shi ma zai koyi wannan sana'a. Inna ta ce in ya sake faɗa sai ta kai ƙararsa wurin kakarsa.

Gore ƙaramin wuri ne ƙwarai. Tsawonsa bai cika kilomita guda ba, fāɗinsa kuwa wajen mita 350, mazaunansa ba su kai dubu biyu ba. Babu mota, babu babur. Lungunan yashi ne, furanni sun zubo ta kan katangu, tsofaffi na zaune a inuwa suna dafa shayi, ka yi ta tafiya ba mai yi maka oda. Wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta saki hannun ɗanta, kuma Inna ta saki. Amma duk da ƙanƙantar wurin, manyan ƙasashe sun daɗe suna kokawa a kansa saboda kyawun mashigarsa. Turawan Fotugal suka fara sauka a 1444, mutanen Holan suka karɓe suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingilishi kuma suka yi ta amshewa ana mayarwa. Olofawa dai Ber suke ce masa.

Muka wuce ta gaban ginin da ya taɓa zama makarantar horon malamai ta William Ponty daga 1913 har wajen ƙarshen shekarun 1930. Baba, da yake danginsa rabi suna Maraɗi, ya tsaya ya daɗe yana dubawa da na gaya masa nan Diori Hamani da Bubu Hama suka yi karatu, haka ma Modibo Keita na Mali da Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa. Ya ce watau daga wannan ɗan tsibiri aka yi ta aika wa ƙasashe shugabanni. Na ƙara masa da cewa nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar Faransa a 1914. Gaskiya ina ta zuba ne don a san kuɗin makaranta ba su tafi banza ba.

Sa'an nan muka isa Gidan Bayi.

Gida ne mai bene, jan fenti, an gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 18 don wasu attajirai ruwa biyu, rabi Faransa rabi Afirka. Da shigarka za ka ga matakala biyu sun lanƙwaso dama da hagu zuwa sama, inda masu gida suke zama su sha iskar teku. A ƙarƙashinsu kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu, kowanne da rubutu a bakin ƙofa: na maza, na mata, na 'yan mata, na yara. Tsakanin matakalan nan biyu wani siririn lungu ya miƙe har zuwa wata ƙofa da ta buɗe a kan duwatsu da ruwa, ita ce ake kira ƙofar da ba a komowa. Mai yi mana bayani ya ce namijin da bai kai kilo sittin ba akan ware shi a yi ta ɗura masa abinci har ya yi nauyi, kamar yadda ake kiwon ragon layya. Ƙanwata ta toshe baki.

A nan dole in faɗi wani abu don kada 'yan'uwa ɗalibai su ce na ɓoye. Gidan ya zama wurin tarihi a 1962, kuma marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009, shi ya sa duniya ta san shi. Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, manyan baƙi kuma suka yi ta zuwa, har da Fafaroma a 1992 da Obama a 2013. Amma masana tarihi da suka bi takardun jiragen sun nuna cewa bayin da suka fita ta Gore dubbai ne, ba miliyoyi ba kamar yadda akan gaya wa baƙi, kuma daga cikin mutum wajen miliyan goma sha biyu da aka ɗora a jirage zuwa Amurka, mafi yawa ta Luwanda da Wida da Boni da Ikko da makamantansu suka bi. Ta waɗannan tashoshi na kudu ne aka kwashi Hausawan da suka je Bahiya ta ƙasar Birazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807, kuma aka same su cikin babban tawayen Musulmi na 1835. Na shiga gidan da wannan ilmi a kaina, da niyyar in gyara wa mai bayani lissafinsa. Da na sunkuya na shiga ɗakin yara na ga tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, sai na ji gyaran lissafin ya fita daga raina.

Auta ne ya jefo tambayar da ta ɓata mana shiri. Ya ja hannun Baba ya ce, "Baba, su Turawan su suke shiga gari su kamo mutanen?"

Baba ya ce, "Wani lokaci. Amma galibi kawo musu ake yi su saya."

"Wa ke kawowa?"

Baba ya duba agogo, ya ce azahar ta yi.

Muka yi salla a tsohon masallacin dutse da ke gindin tudun Kastel, raƙuman ruwa na dukan katangarsa. Muka hau tudun ta tsakanin kukoki da masu sayar da zane-zanen yashi mai launi, muka ga manyan igwogin Faransawa sun yi tsatsa, waɗanda suka tsare Dakar a 1940 sa'ad da Ingilishi da Janar de Gaulle suka zo karɓarta suka kasa. Auta ya hau ɗaya ya yi doki da ita. Sai muka gangaro bakin gaɓa, muka sayi shinkafa da kifi irin tasu da suke kira cebujan, da zoɓo mai sanyi wanda su bisab suke ce masa. Baba ya ci kaɗan, ya tashi ya bi Auta bakin ruwa.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika fuskantata da magana ba. In tana da saƙo gare ni sai ta gaya wa wanda ke kusa. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ke kin tuna Iya?"

Ƙanwata ta ce sama-sama. Ni kuwa na tuna ta sarai. Tsohuwa ce da ke ɗakin kusa da rumbu a babban gidanmu, ita ta goyi Baba, ita ke ɓoye mini ƙuli-ƙuli a gefen zane, ta rasu ina aji biyu na firamare. Duk rayuwata na ɗauka ƙanwar kakarmu ce.

Inna ta ce, "Uwarta sayenta aka yi. Kakan babanku ya sayo ta tana yarinya, da ita da doki rana ɗaya, kafin zuwan Turawa. A gidan ta haifi Iya."

Ta ci gaba da tsince ƙayar kifi. Can ta ƙara da cewa jikan Iya ya taɓa neman auren goggonmu, suna son juna ƙwarai, manya suka zauna suka ce a'a, don asali. Babanku yana saurayi a lokacin, in ji ta, shi aka aika ya mayar da kayan. Ta ce har yau in aka ambaci mutumin nan sai ya tashi daga wurin.

Na san a takarda cewa sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa, na kuma san Nijar ta mai da ita laifin da ake hukuntawa a 2003. Na taɓa rubuta waɗannan shekaru a jarrabawa na ci maki. Ban taɓa kawo su kusa da ɗakin da ke gefen rumbunmu ba. Na zo Gore da shirin in yi fushi da Bature, na kuwa yi, gama ya cancanta, sai ga shi an miƙo mini wani fushin da ban san inda zan ajiye shi ba. Na dubi Baba can bakin ruwa, ya naɗe ƙafar wando, yana riƙe da Auta kada igiyar ruwa ta ja shi.

Matar nan ta cikin jirgi ba ta manta da mu ba. Ta tare mu a hanyar komawa, ta kira ƙanwata ƙawarta, ba mu rabu ba sai da aka sayi sarƙar wuri biyu da wani ɗan zanen yashi mai hoton kuka.

Jirgin la'asar ya cika fiye da na safe, teku kuma ta ɗan motsa. Abin mamaki, Inna ta ce a hau da ita sama ta ga abin da muke gani. Ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ba ta saki ba har Dakar, amma idonta a buɗe. Auta ya yi barci a cinyar ƙanwata, yashi cike da aljihunsa. Baba yana tsaye kusa da ni, mun yi shiru har tsibirin ya koma kamar kifaffiyar ƙwarya a bayanmu. Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, uwar Iya daga wane gari aka kawo ta?"

Bai tambaye ni inda na ji ba. Ya ɗan juya ya dubi Inna, ya komo da kallonsa ga ruwa. Ya ce tana da tsage uku-uku a kumatu, an ce kuma har ta mutu in ta yi mafarki da wani harshe take magana. Ya ce Iya ta taɓa faɗa masa sunan garin sau ɗaya, yana yaro, suna susar gero.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya yi shiru har jirgi ya yi ƙugi ya fara juyawa zai shiga tasha. Sa'an nan ya ce in mun koma gida in tuna masa, akwai 'yar Iya guda da ta rage da rai, mu je mu gaishe ta.