Mukayyif ɗinmu a Bakin Bahar Maliya

Duk wanda ya tashi a Managil ya san mukayyif na ruwa, akwatin ƙarfen nan da ake ɗorawa a bayan taga. Iyayenmu da suka yi rayuwarsu a kambo suna tsinkar auduga ba su san shi ba, randa da inuwar darbejiya suka sani. Mu ne da muka fara karɓar albashin malanta muka saye shi, muka kuma koyi cututtukansa kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta. In ya yi ƙara, bel ne ya saki. In iska na fitowa da zafi, ko dai ɗan famfon da ke tura ruwa ya tsaya, ko kuwa taɓon ruwan tur'a ya toshe ƙananan ramukan da ke jiƙa ciyawar. In ruwa na zuba ƙasa, awwama ce ta maƙale. Kowace shekara kafin bazara mukan sake ciyawa, mu kankare kaskon, mu shafa masa fenti. Ba mu taɓa kiran mai gyara ba, muna kuwa alfahari da haka.

A watan Disamba na 2023 Madani ta faɗi, asibitocin da muke kai Inna suka fita daga hannunmu. Tana da ciwon zuciya, zafi kuwa ba ya yi mata daɗi ko kaɗan. Da farkon 2024 muka ɗauke ta muka bi ta Sannar da Dindir da Gadarif da Kasala har Bur Sudan. Cikin 'yan kayan da muka ɗaure bisa lori har da ƙaramin mukayyif ɗinmu. Mutane sun yi mana dariya, mu ko muka ce gobe za su gani.

To, da zafi ya kankama muka kunna shi a ɗakin da muka kama haya. Injin na juyawa lafiya, ciyawa ta jiƙe sharkaf, amma iskar da ke fitowa sai ka ce numfashin saniya. Zanen gado ya yi danshi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, Inna ta kwana zaune tana haki. Muka kwance famfo, muka ɗaure bel, muka sayi sabuwar ciyawa da kuɗin da ya kamata ya tafi ga magani. Kwana uku muna wannan fama, ga ruwan ma saye ake yi jarka-jarka, abin kuwa yana shan ruwa kamar raƙumi.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, shi ne ya leƙo ya ce, "Ustaz, injinka lafiyarsa ƙalau, garin ne ba nasa ba." Kunya ta kama mu, don kuwa wannan darasi mu ne muke koya wa yara a aji. Mukayyif na ruwa aikin randa yake yi: busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa, ruwa ya bi iska ya tafi da zafi. Iskar Jazira a watan Afrilu ƙishirwa gare ta, shi ya sa take sha ta yi sanyi. Iskar bakin teku kuwa ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ƙarin ruwa. Ai ko a gida mun sha ganin haka cikin damina, watan Agusta, sai mu kashe famfo mu bar fanka kawai. Mun gani, ba mu dai yi tunani ba.

Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya ara mana tsohon mukayyif mai gas, irin na taga. Nan ma muka sake zama 'yan aji ɗaya. Daren farko muka bar taga a buɗe kamar yadda muka saba, don na ruwa sai iska ta sami mafita yake aiki. Wannan kuwa akasin haka ne, so yake a rufe ko'ina ruf, har ƙasan ƙofa a toshe da tsumma. Shi ba ya zuba wa iska ruwa, tatse shi yake yi daga cikinta. Da muka ga ruwa na bin bango sai muka zaci ya fashe, ashe gansakuka ce ta toshe hanyar da ruwan ke fita, kuma ba mu ɗan karkata shi waje ba. Tsinken waya da ɗan katako suka gama maganar.

Bayan mako biyu sanyi ya ragu, muka buɗe muka tarar da ƙanƙara ta lulluɓe bututun ciki. Wani mai gyara ya ce gas ne ya ƙare, ya yanka mana kuɗi mai yawa. Dattijon ya ce a dakata, ya zaro ragar tace ƙura, ta yi baƙi ƙirin. In iska ba ta wucewa sosai, bututun kan yi sanyi fiye da kima, laimar da ta taru a kansa ta daskare. Muka wanke ragar, muka bar ƙanƙara ta narke, abu ya dawo daidai. Gas ba ya ƙarewa haka kawai sai in akwai huda, wanda kuma ya ce zai ƙara ba tare da ya nemi hudar ba, kuɗinka yake so. Ya kuma koya mana mu riƙa ɗauraye bayan injin da ruwan daɗi saboda gishirin teku da ke cin ƙarfe, sannan in wuta ta ɗauke ta dawo mu jira kamar minti biyar kafin mu kunna, kada kwamfireso ya ƙone. Wuta kuwa a lokacin ba ta da alkawari.

Daren da ɗakin ya bushe ya yi sanyi, Inna ta yi barci har aka kira asuba ba ta motsa ba. Sau biyu muna tashi mu kara kunne kusa da ita.

Bayan sojoji sun koma Madani a Janairun 2025 muka fara shirin gida. Muka je ɗauko namu mukayyif daga bayan ɗaki inda muka jingine shi, muka tarar tsatsa ta huda kaskon wuri uku. Inna ta ce, "Ku ɗauko shi hakanan, a gida ai yana da amfani." Wani maƙeri a kasuwar Managil ya yi masa sabon kasko, bazarar da ta biyo baya a bayan tagarta ya yi ta.