Tsakanina Da Ƙanena A Kan Motarsa

 

Bayan sallar Isha'i ƙanena ya same ni da tambaya. Ya sayi Golf GTI ƙirar 2006, 'yar Kwatano, wadda injinta na turbo ke da ƙarfin doki 200. Abokansa sun ba shi shawarar ya sa a sake tsara ƙwaƙwalwar motar don ƙarfin ya ƙaru, a cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, a ɗaura salansa mai rugugi. Wani kuma ya tsoratar da shi cewa yin haka canza halittar Allah ne. Ya ce, "Yaya Malam, haramun ne?"

Na ce masa wancan mai tsoratarwar ya ɗora aya ta 119 ta Suratun Nisa'i a inda ba muhallinta ba. Mota ƙirar hannun ɗan Adam ce, kuma asali a al'amuran duniya shi ne halacci har sai dalili ya hana. Sai fuskarsa ta washe. Amma ban ƙare ba.

Injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna ƙarfin injin daidai da kulocinta, da birkinta, da tayoyinta, da abin sanyaya ta. Sake tsara ƙwaƙwalwar yana ƙara matsin iskar da turbo ke cusa wa injin, zafi ya ƙaru, kuma sai an sami fetur mai inganci sosai, in ba haka ba injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Ku tuna zafin Kano a watan Afrilu. Wanda ya ƙara gudu bai ƙara birki ba, ba da ransa kaɗai yake caca ba. Akwai yaran unguwa da ke tsallaka titi zuwa Islamiyya da yamma, cikinsu har da ɗalibaina. Shari'a ta hana cuta da cutarwa. Rugugin salansa da tsakar dare kuwa, maƙwabcinmu dattijo mai hawan jini ne zai biya kuɗinsa da barcinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar sayarwa. Na sha jin ana mayar da salansar asali, a wanke injin, a ce wa mai saye ba a taɓa ta ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya tarar da danshi a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Na tambaye shi ko zai iya faɗa wa mai saye duk abin da ya yi wa injin, alhali ya san farashin zai faɗi. Ya yi shiru.

Ra'ayina, kuma ba fatawa ba ce, ya bar injin yadda ya zo, ya kashe kuɗin a sababbin tayoyi da birki. Ya yarda da batun indomi da salansa. Batun ƙwaƙwalwar kuwa ya ce zai yi istihara, ko da yake na ga lambar makaniken tana nan a wayarsa.